Hurar Iliyasu

Wagadugu, 4 ga Maris, 1985

Zuwa ga ƙawata Kaltume, malamar kolej ta Buza,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina ɗalibai, ina zafin Adar? Ki gaida min Inna da kyau.

A kan gwiwata nake rubuto miki, a farfajiyar otel. An nuna fim ɗinmu, Tuwon Matattu, sau biyu a bikin sinima na nan, kuma a karo na biyu har a ƙasa mutane suka zauna. Kyauta dai ba mu samu ba, ta tafi ga wani mai gemu da ya yi fim a kan kakansa. Amma Kaltume, kowa maganarmu yake yi!

Ba ki ga fim ɗin a haɗe ba tun da muka ɗauke shi a ƙauyen mahaifiyarki shekara biyu da suka wuce, bari in gaya miki yadda ya fito. Ya buɗe da mazan Gidan Takawa da annoba ta kashe suna fitowa daga kaburbura, jiki duk toka, likkafani na jan ƙasa. Ba su cizon kowa, ba su bin kowa da gudu. Gida kawai suke komawa, su zauna gindin icce, su miƙo akushi. Mata su daka, su dafa, su kai. Matattu ba su ƙoshi. Rumbuna na ƙarewa gari bayan gari har duniya ta kusa tashi. Sai taubashiyarki Indo ta aje taɓarya, ta tsaya gaban mijinta da ƙwaryar hura, ta kife ta a ƙasa. A wurin nan matan da ke zauren suka miƙe tsaye.

Wani Bafaranshe mai rubutu a mujallar sinima ya ce shi ne fim ɗin zombi na farko (haka suke kiran mataccen da ke yawo) da aka ci yaƙinsa ba da bindiga ba. Wani farfesa ɗan Senegal ya ce matattun mulkin mallaka ne. Wani ɗan Aljeriya ya ce a'a, bankunan duniya ne, har suka kusa kai wa juna hannu. Duka dai sun haɗu a kan ƙarshen: matattu na ta tafiya cikin daji, kamara ta tsaya kan ramukan a buɗe, shi ke nan. Kin tuna na so mu dawo mu ɗauki rufe ramukan? Alhamdu lillahi da ba mu dawo ba.

Yanzu ga aiki. An gayyace mu bikin fina-finan mata a Faransa, kuma Indo suke so su gani. Ki kai ta Madawa a ɗauke ta hoto saboda fasfo. Mijinta Iliyasu kuma ki ce masa Turawa sun ce ba su taɓa ganin matacce mai kwarjini kamarsa ba.

Sai na ji daga gare ki. Taki har kullum,
Fatsima


Buza, 21 ga Maris, 1985

Fatsima,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiya. Inna tana amsawa. Ɗalibai suna nan, waɗanda iyayensu ba su kwashe su sun yi kudu ba. Ina taya ki murna, kuma da gaske nake.

Saƙonki ga Iliyasu ba zan iya isarwa ba. Ya rasu a watan Oktoba. Zawo ne, in ji likita. Yunwa ce, in ji kowa. Na san kina ɗakin haɗa fim lokacin, kuma labarin daminar bara ya iso ki ta rediyo, inda yake da gajarta. Gero ya bushe bai kai gwiwa ba. Iliyasu ya riƙa tura rabonsa ga yaran yana cewa ya ci a waje, a garin da babu wajen da ake ci.

Ramukanki suna nan. Ki tuna kin sa kowane namiji ya haƙa nasa daidai tsayinsa a gonar tsoho Maiguwa, don kada a ɓata lokacin awo. Ranar tafiya kin tsaya kan Landroba kin ce kada a rufe, za ku dawo bayan damina. Mutanen Gidan Takawa sun ɗauke shi ajiyar baƙo. Har ƙaya suka kewaye su da ita kada awaki su faɗa.

A wurin su Maiguwa, waɗanda kakanninsu ba su daɗe da fara salla ba, ramin da aka haƙa da sunan mutum ba a barin sa buɗe, kuma ba a rufe shi wayam. In an bar shi, jira yake. Liman ya ce wannan camfi ne, ajali na Allah ne. Na lura dai ya canja hanyar zuwa gonarsa. Bayan Iliyasu, Ɗangana, wanda shi ma ya haƙa nasa, ya mutu a tashar Kwanni yana dawowa daga cin rani. Shi kuma Yaro, mutumin da kika sa ya fito daga ramin gefe, yana tari tun sanyi. Waɗanda suka mutu ba su taɓa ganin kamara ba sun fi yawa, ƙananan yara musamman, amma su ba a haƙa musu rami suna raye ba, saboda haka babu mai ƙirga su.

Indo kuwa, kin san abin da kika ba ta ta faɗa: "Ba ni dakawa. Wanda ya mutu ya ci ƙasa." Ta faɗe shi a fuskar mijinta, gaban gari, kuma ta maimaita har rana ta karkata saboda hasken bai yi miki ba. Yanzu mata ba su aron turminta. A layin rabon hatsi akwai fili gabanta da bayanta, irin wanda ake bar wa matar kumandan. Ta fita takaba watan jiya. Jima, wan Iliyasu, ya ce ta koma wurin danginta kafin shuka. Ƴaƴanta maza biyu za su zauna, garkar albasar da suka yi da Iliyasu a fadama za ta zauna, ita ce za ta tafi.

Maiguwa ya yanke magana, kuma Jima ya amince a gaban mutane. Abin da ya fita daga ramukan, in ji shi, yana cikin gwangwanin fim ɗin da kika tafi da shi. A kawo gwangwanin, a sa shi a ramin Iliyasu, a rufe duka kafin ruwan shuka. In an yi haka magana ta mutu, Indo ta zauna ɗakinta.

Wannan shi ne sharhin Gidan Takawa a kan fim ɗinki. Bai kai na farfesan tsawo ba.

Ki huta lafiya.
Kaltume


Faris, 9 ga Afrilu, 1985

Ƙawata Kaltume,

Gaisuwa da ta'aziyya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta wasiƙarki a tsaye a gidan waya, ban san lokacin da na zauna a kan matakala ba. Iliyasu! Shi da yake sa mu dariya yana cikin likkafani har mai kamara ya riƙa zaginsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Ɗangana. Ki rungume min Indo.

Amma Kaltume, me kike roƙona? Kwafi ɗaya tak nake da shi mai murya da fassarar Faransanci. Shi ake jira a nan, shi ake jira a Kanada. In na sa shi a rami, shekara huɗu na rayuwata na sa, da aikin Indo, da na Iliyasu ma. Nan ne kaɗai ya rage yana tafiya da ƙafarsa.

Kuma ki duba abin da ake nema da ido buɗe. Mace ta ce a'a sau ɗaya, a cikin wasa, sai dattawa suka taru suka ce a binne a'ar. Ai fim ɗin ke nan! Wata jarida a Yamai ta rubuta cewa na zagi mazan ƙasa a gaban baƙi, wai ƴan mata ƴan boko da ba su iya tuƙa tuwo ba su ne ke koya wa matan karkara yajin daka. In na miƙa gwangwanin, su na ba gaskiya. Ke da kika karanta falsafa tare da ni a Dakar, ke ce yau za ki ce min rami yana kira?

Ga mujalla nan na haɗo. Fuskar Indo ce a bango, an rubuta "Matar da ta ce a'a". Ki nuna mata ta san ko ita wace ce. In Jima ya kore ta, ta zo. Akwai ƙungiyoyi a nan da za su karɓe ta hannu biyu, ni ma ina da ɗaki a Yamai.

Kada ki yi fushi da ni. Taki,
Fatsima


Buza, 27 ga Afrilu, 1985

Fatsima,

Ina gaisuwa. Ban yi fushi ba, zafin bana bai bar wa kowa ƙarfin fushi ba.

Indo ta zo ranar kasuwa da ƴar albasarta, na ba ta mujallar kamar yadda kika umarta. Ta daɗe tana kallo, ta kai ta nesa, ta kawo ta kusa.

"Wagga mata tana da wuya," in ji ta. "Dubi ƙiba. Mijinta na ciyar da ita."

Na ce, "Ke ce, shashasha."

"Na sani, Madan. Ni ba karatun lakwal ne ban yi ba? Ido ina da shi. Mi anka rubuta nan?"

Na fassara mata.

"A'a ga wa?"

Na ce ga maza, ga daka, ga duniya yadda take. Ta ce to, madalla, ita dai ta san ta daka safiyar ranar kuma ta daka da marece, har da tuwon masu kamara. Da na kawo zancen Faris ta yi dariya har ta yi tari. "In tahi in bar ma wa ɗiyana? Jima? Mutumin da akuyarshi ma ba ta san shi ba?" Ta tambaya ko takardar tana da ƙwari, na ce e, ta naɗe gishirinta a ciki ta tafi. Kada ki ji zafi. Fuskar ce ta sa daga ciki, don kada a gani a hanya.

Game da falsafa: ban gaskata rami yana kira ba. Na gaskata Jima. Na ga yadda yake tsayawa bakin garkar yana duban rijiyar da ƙanensa ya haƙa. Hukuncin Maiguwa shi ne abu ɗaya da ya tsaya tsakaninsa da ita, domin ya yi alkawari a gaban mutane, kuma a ƙauye mutum yana iya cin amanar matacce amma ba ya son a ce ya tashi daga maganar da ya yi zaune.

Kin ce fim ɗin ke nan. Gaskiya ne, kuma na ga yadda zai yi daɗin faɗa a gaban zaure. Bambancin kawai, a wannan karon ba a biyan ƴar wasan da tafi, kuma in rana ta karkata ba a sakewa.

Hadari ya fara taruwa ta wajen Deule da yamma, yana watsewa. Ba zai ta watsewa ba. Yaro ya daina fita.

Ki gaida Kanada.
Kaltume


Faris, 8 ga Mayu, 1985

Kaltume,

Gaisuwa. Ban yi barci ba tun wasiƙarki. Ga abin da zan iya. Akwai kwafin aiki, wanda na yi haɗin fim ɗin a kansa. Hotunan duka suna ciki, daga fari har ƙarshe, sai dai babu murya, kuma duk ƙarce ne da zanen fensir. Wani ɗalibi mai komawa gida zai kai shi Yamai, direban kamiyon Madawa ya kawo miki. Babu wanda ya ce lallai sai mai murya, ko?

Ki ce wa Indo ta yafe min. Allah ya sa ya wadatar.
Fatsima


Buza, 30 ga Mayu, 1985

Fatsima,

Bayan gaisuwa. Gwangwanin ya iso da warin busasshen kifi, don a kansa ya yi tafiya. Na gaya wa Maiguwa gaskiya, cewa kin aiko da gawar kin riƙe ran. Ya ce ai gawa ake binnewa.

Sai ya ƙara abin da ban yi tsammani ba. Ya ce ba a sa mutum a ƙasa sai an buɗe fuskarsa danginsa sun shaida shi ne. Sai an nuna. Na yi musu, na ce a buɗe murfin a duba a hasken rana. Ya zaro fim ɗin ɗan tsawon hannu, ya ɗaga sama, ya ce shi ƙudaje yake gani a jere. Na tafi Kaita na aro na'urar nuni da injin wuta daga wani ofishin noma, inda suke nuna wa manoma yadda ake tare ruwa da duwatsu a shekarar da babu ruwan.

Bayan magariba aka ɗaura zanen gadona a jikin rumbun Maiguwa. Garin duka ya zo, har da na Tama da suka ji labari. An ɗauko Yaro a kan tabarma. Tsohuwa Mairamu, uwar Iliyasu, ta zauna a gaba saboda idonta. Ki tuna ita kaɗai ce ta ƙi zuwa lokacin ɗauka, ta ce ba ta kallon ɗanta cikin likkafani ko da wasa. Indo ta zauna gefe, da filinta na kullum kewaye da ita. Na je na zauna a cikin filin.

Da farko biki ne. Babu murya sai ƙarar na'ura, don haka mutane suka riƙa sa tasu. Sai aka ga rumbuna a cike. Aka ga shanu na wucewa, wata mata ta miƙe ta kira saniyarta da sunanta, saniyar da ungulu suka gama da ita tun kaka. Masu sharhinki ba su ambaci shanun ba. A nan su suka fi kowa samun kuka.

Sai ramukan. Da hannun farko ya fito daga ƙasa, yara suka watse. Matar Ɗangana ta rufe kai da zane ta tafi, ba ta dawo ba. Yaro ya ga kansa yana fitowa da toka a fuska, ya ce, "Kai, wanga mamaci ya hi ni lahiya." Aka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi wani abin.

Iliyasu ya fito na ƙarshe. Turawanki sun yi gaskiya, yana da kwarjini. Ya tako a hankali ta tsakiyar gari, ya zauna gindin iccen da ke bayanmu a daidai lokacin, ya miƙo akushi. Mairamu ta ce, "Ɗana na jin yunwa." Ba da ƙarfi ba. Kamar mai ba da labari.

Indo ta fito a jikin zanen da ƙwarya a hannu. Kowa a wurin ya san abin da bakin nan zai faɗa, kuma babu wanda ya sa masa murya. Leɓɓanta suka fara motsi. Sai na ji Indo daga kusa da ni, da murya sarai wadda ta kai har baya:

"Sannu da hanya, maigida. Ga hura, sha."

Ta faɗe shi daidai da motsin bakin, Fatsima, kamar ta yi shekara tana gwadawa. Na ɗan lokaci maganar ta zauna da hoton. Na ga kawunan mata suna juyowa. Sai matar da ke jikin zanen ta kife ƙwaryar. Kin ɗauki wurin da kyau ƙwarai: hurar na malala cikin ƙasa, fara sol, tana bi ta tsakanin yatsun ƙafarsa, shi kuma yana kallon ta. Kin bar kamara a kai har ƙasa ta shanye.

Mairamu ta nemi a ɗaga ta. Ta ce, "An gaya mini, nic ce ƙarya ce. Yau idona ya gani." Jima ya riƙe ta suka tafi. Sauran fim ɗin, har da ƙarshen da aka yaba, ƴan Tama ne suka kalla.

Da safe aka sa gwangwanin a ramin Iliyasu, aka sa guntun icce a kowane na sauran, aka rufe. Liman ya zo ya tsaya daga nesa yana duban sama. Maiguwa ya ce magana ta mutu. Jima ya ce shi ma wurinsa ta mutu, alkawari ya cika. Sai dai tsohuwa ta ce ba ta kwana gida ɗaya da wadda ta zubar da abincin ɗanta yana kallo, kuma shi ba ya iya tsallake maganar uwa. Ya faɗe shi da ladabi sosai.

Na je wurin Mairamu. Na gaya mata ina tsaye a wurin ranar, cewa da kika ce a tsaya Indo ta ruga ta damo wata hurar ta ba shi. Ta ce ai ni ƴar'uwar Indo ce. Na nemi wasu shaidu. Rabin garin nan yana tsaye ranar, amma yanzu in kin tambaye su, abin da suka gani a zanen gadona suke tunawa. Ɗaya ta ce, "Ƙila ta ba shi. Amma ba a nuna ba."

Tsohuwa ta ce abu ɗaya: in bango ya nuna mata ɗanta yana sha, ta yarda. Takardar da ke biye ta Indo ce. Yadda ta faɗa na rubuta, ban gyara ba.

Kaltume


Zuwa ga Malama Fatsima mai sinima,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ni ce Indo ta Gidan Takawa, matar marigayi Iliyasu. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen da kike wurinsu. Ina wahalar baƙunci? Saƙonki ya iso, an rufe ramu, mun gode. Kin ce in yahe miki. Ba ki yi mini komi ba da gangan, na yahe.

Abu guda nika roƙo. Ranar da munka yi wasan ƙwarya, da kinka ɗaga hannu kinka ce a tsaya, na tahi ɗaki na damo mishi wata, da nono. Yana zaune nan inda kinka aje shi, da tokarshi. Ya ɗaga likkahwani da hannu guda ya sha. Mai kamara na nan tsaye, abin nashi na kallonmu. Madan ta ce ana yanke wasu wurare a aje. To wanga wurin nika so. Ko kaɗan ne, ko kamar tsawon taɓarya. Tsohuwa ta gani, in zauna da ɗiyana. Kuma ni ma in gani, don wancan da anka nuna shi ka zo mini yanzu in na rufe ido.

In da nauyi a aiko shi bisa kihi, ba komi.

Allah shi bar zumunci. Allah shi kai ki gida lahiya.
Indo


Faris, 14 ga Yuni, 1985

Kaltume,

Gaisuwa. Na kwana biyu a ɗakin ajiya, na warware duk ragowar da aka yanke, ɗaya bayan ɗaya a gaban fitila. Babu. Na buga wa mai kamara waya. Ya tuna da abin sarai, har ya ce Iliyasu ya yi gashin baki da nono. Amma fim ɗin da muke da shi kaɗan ne, da na ɗaga hannu yake kashewa. Kamarar tana kallonsu, ba ta ɗauka ba.

Zan iya rubuto takarda da sa hannuna da nasa. Zan iya zuwa da kaina bayan Kanada. Gaya min abin da zan yi. Ban san yadda za ki faɗa mata ba.

Fatsima


Buza, 2 ga Yuli, 1985

Fatsima,

Ina gaisuwa. An yi ruwan shuka. Gonar Maiguwa ta tsira, wurin ramukan ya fi ko'ina kore. Yaro yana nan da ransa, mutane sun ce ka gani.

Kada ki aiko da takarda, tsohuwa ba ta karatu. Na faɗa wa Indo yadda kika faɗa min. Ta ce to.

Jiya ta biyo ta nan da ƴar ƙaramar ɗiyarta a baya da turminta a ka, za ta wurin wanta a Deule. Mazan biyu suna wurin Jima, yana koya musu ban ruwan albasa. Ta sha ruwa, ta ƙi zama. A bakin ƙofa ta tambaye ni ko mutanen da suka sa fuskarta a takarda suna karɓar gyara in sun yi kuskure. Na ce wani lokaci, a shafin baya, da ƙananan baƙaƙe. Ta ce ya isa.

Ga shi nan, ki miƙa wa Bafaranshen, da farfesan, da jaridar Yamai in suna so. Ta ce kada a ƙara, kada a rage:

"Iliyasu ya sha hurar. Yac ce ta yi tsami. Kuma ya shanye."

Ki huta lafiya.
Kaltume